Kano zuwa Akara a keke: ni dai na ƙarfen zan ce ka ɗauka

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Cikin kekunan nan biyu da ka turo hotonsu kana tambayar wanne zai kai ka Akara, babban birnin Gana, daga Kano, wato sabon nan na alminiyam mai shokozoba gaba da baya da birkin faifai, da tsohon ɗan gwanjon nan na ƙarfe mai taya inci 26, ba sai na ja ka da nisa ba, ɗauki na ƙarfen. Duka biyun na taɓa mallakar irinsu, ɗaya har yanzu yana jingine a zaurenmu, ɗayan kuwa na sayar da asara kuma ko sau ɗaya ban yi kewarsa ba.

Da irin wannan na ƙarfen na bi hanyar da kake shirin bi, Kano, Zariya, Kaduna, Abuja, Lokoja, Okene, Akure, Ibadan, Legas, na ƙetara ta Seme na shiga Kwatano, na bi bakin teku zuwa Lome, na fita ta Aflao har Akara, wajen kilomita 1,600 ke nan, kwana 24 na yi har da ranakun hutu. Abin da ya sa nake ƙaunar keken nan a tsaunukan Okene ya faru. Ina ɗauke da jaka biyu da galan na ruwa a kariya, ina gangarowa na faɗa wani rami da ban gani ba sai na ji ƙas, na sauka na duba ashe ɗan kunnen nan da ake ɗaure kariya a jikin bodi ne ya ɓalle, kaya duk sun kwanto kan taya. Wallahi a lokacin na ɗauka tafiya ta ƙare. Na tura shi kamar rabin awa har na iske wani dattijo mai walda yana haɗa ƙofar gida a bakin titi, ba ya jin Hausa ni kuma ba na jin Igbira, nuna masa kawai na yi, ya kankare fentin wurin, ya jiƙa tsumma ya naɗe kusa da taya don kar wuta ta taɓa ta, ko minti goma bai yi ba ya liƙe shi. Da ya gane Gana na nufa sai ya riƙe baki, ya ƙi karɓar ko sisi, har ya aiki yaronsa ya sayo min fiya wata. Waldar nan tana nan har yau ba ta motsa ba. Da alminiyam ne fa sai dai in ɗora shi a mota, don mai waldar bakin titi ba ya iya liƙe alminiyam, na'urarsa daban ce kuma sai a manyan garuruwa.

Sai maganar taya, wadda mutane ba sa tunawa da ita sai ta kama su. Taya 26 kusan duk kasuwar da ake sayar da kayan keke za ka same ta. Ta baya ta tsage min daf da Aneho bayan na shiga Togo, ga shi ba na jin Faransanci, wani Bahaushe mai shayi ne ya raka ni wata 'yar rumfa aka zaro min sabuwa a take na biya da sefa. Wancan sabon naka daga hoto na ga 29 ce, je ka nemi 29 a ƙauye tsakanin Lokoja da Akure ka gani. Ka kuma duba bawul, na tsohon mai kauri ne irin na babur da mota, duk mai facin da ka tsaya wurinsa zai ba ka iska, sababbin nan kuwa da yawansu siririn bawul gare su wanda bakin famfon masu faci ba ya kamawa. Birkin roba ma haka, in ya cinye ka canza da sifana ɗaya, ko'ina akwai shi.

Na alminiyam ɗin, gaskiya ba shi da nauyi kuma yana da kyan gani, in yawon cikin gari ne ba laifi. Iyakar abin da zan iya faɗa masa ke nan. Shokozobar baya duk takun da ka yi sai ta haɗiye wani abu daga ƙarfinka, kuma babu inda za ka ɗaura kariya mai ƙwari, dole kayan su koma gadon bayanka, kuma wanda ya taɓa goya jaka awa bakwai a rana ya san yadda kafaɗa da ƙugu suke yi. Nawa ko wata huɗu bai yi ba giyar ta fara tsallake, faifan birki ya lanƙwashe yana ta ƙara.

Wani zai ce to me ya hana ka ɗauki Phoenix irin na iyayenmu tunda ƙarfe ake so. Ƙwari kam akwai shi, amma babu giya, daga Lokoja zuwa ƙasar Akoko rabin hanyar turawa za ka yi.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, ka yi hattara da masu sayarwa. Wasu sukan ɗauko keken da bodinsa ya tsage su shafe da sabon fenti su manna sitika, in ka ga ɗan gwanjo yana ƙyalli fiye da shekarunsa to ka bi duk mahaɗar walda da farce, musamman ƙarƙashin feda da wuyan keken. Ka je da ɗan maganaɗisu a aljihu, in ya kama bodi ƙarfe ne, in bai kama ba duk rantsuwar da zai yi maka kar ka saurara. Ka zare sandar sirdi ka leƙa ciki ko tsatsa ta ci. Giya kuma akwai jabun Shimano birjik, ka karanta sunan harafi bayan harafi don sukan canza ɗaya, na gaske kuma za ka ga lambar samfuri a jikinsa. Ka kifa keken ka juya wili ka ga ko yana rawa, ka ƙirga sifok na baya, 36 ake so saboda kaya. Masu talla a Facebook da za su ce turo rabin kuɗi a ajiye maka, kar ka tura ko naira sai ka hau shi da ƙafarka. Kuma lallai a rubuta maka rasit da lambar bodi, don akwai na sata a kasuwa, sannan a boda ana iya tambayarka shaidar naka ne.

In ka saya kar ka tashi da kaca da tayoyin da ya zo da su, sa sababbi, a wanke boris a sa giris, ka riƙe tif biyu da kayan faci da sifok kamar biyar da ɗan man kaca, don daga Seme har Aflao iskar teku ce mai gishiri, kwana biyu kaca ta yi ja in ba ka shafa mata mai. Ka tashi lokacin hunturu, Disamba ko Janairu, babu ruwan sama kuma iskar daga arewa maso gabas take busowa, kai kuma kudu maso yamma ka nufa, wato tura ka za ta riƙa yi. Fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS da katin rigakafin shawara su kasance cikin leda a jikinka ba cikin jaka ba. Da la'asar sakaliya ka nemi masauki, kar magariba ta same ka a daji, musamman tsakanin Kaduna da Abuja da kuma Abuja zuwa Lokoja, ka riƙa tambayar direbobi a tasha halin da hanya take ciki kafin ka fita.

Kafin ranar tafiya ka ɗora masa duk kayan da za ka tafi da su ka je Zariya ka kwana ka dawo, duk abin da zai kwance ko ya dame ka a sirdi a nan zai nuna kansa. In ka dawo ka turo min hoton kariyar in ga yadda ka ɗaure ta. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.