Tukuicin Horar da Kwikwiyo: Na Kanti, Na Tukunya, ko Na Buhunsa?

Wani maƙwabcina a nan Jos ya kawo ɗan kwikwiyo mai wata biyu, irin wanda muke ce wa karen 'yan sanda. Ranar farko na hango shi tsugune a tsakar gida da ƙunshin tsire a takarda, yana cewa "zauna", yana yago tsoka yana miƙa masa. Kwikwiyo kuwa ya zauna, wa zai ƙi? Washegari sai zawo. Na ce, "Malam, ai yajin nan ne ya kama shi." Ya ce to me zai riƙa ba shi, tunda babu horo sai da ɗan abin kwaɗayi. Gaskiyarsa ce. Kare ba ya aiki don kunya, don tukuici yake yi.

Kafin a je ga wanne za a saya, a san aikin da tukuicin zai yi. A zama ɗaya na minti 5 za ka iya ba shi sau 20 ko fiye. Saboda haka dole ya zama ƙarami, kamar ƙwayar wake ko ƙasa da haka, mai laushi da zai haɗiye nan take, mai ƙamshin da zai sa ya bar kazar da yake hange ya dubo ka. Idan ya tsaya tauna har ya bi ɓurɓushi a ƙasa, ya riga ya manta dalilin da aka ba shi. Likitocin dabbobi kuma suna da ƙa'ida: duk tukuicin yini kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincinsa, domin jiki mai girma yana bukatar cikakken abinci, ba lashe-lashe ba.

Mafi araha shi ne wanda ka riga ka saya. Idan busasshen abincin kwikwiyo na buhu kake ba shi, ɗebi rabon safe ka zuba a aljihu, ka riƙa ba shi ƙwaya-ƙwaya a matsayin lada kafin ya ci sauran. Cikinsa ya saba da shi, lissafi bai ɓaci ba. Aibinsa ɗaya: a cikin gida yake aiki. Da zarar kun fita ƙofar gida, ga yara, ga awaki, ga mai keke, ƙwayar da yake ci kullum ba za ta riƙe hankalinsa ba.

Nan ne dafaffiyar kaza take shigowa, kuma ita na fi yarda da ita. Tsokar ƙirji, a dafa da ruwa zalla, ba gishiri, ba magi, ba albasa, a yayyanka ƙanana. Tsoka ɗaya za ta yi maka kwana biyu ko uku. Ban taɓa ganin kwikwiyon da ya juya mata baya ba. Wahalarta ajiya: tana son firji, wuta kuma kowa ya san halinta. Sanyin Jos yana ɗan taimakawa, amma kada ya ruɗe ka. Naman da ya wuni a leda cikin aljihu ba na ba wa kwikwiyo ba ne. Dafaffen ƙwai ma haka yake, sai dai yana marmashewa a hannu.

Hanta ta fi kaza ƙamshi, kare zai bi ka har bangon duniya saboda ita. A dafa, a yanka, a busar a tanda mai ƙaramar wuta har ta daina danƙo. Amma sinadarin bitamin A ya yi mata yawa, kuma tana sakin ciki idan an zarce. Ni ina ajiye ta don abu ɗaya kawai, wato kira. Ranar da ya tsinke igiya ya nufi titi, kana so ya tuna cewa zuwa wurinka ne ke kawo hanta.

Sai na kanti, waɗanda ake samu a shagunan kayan dabbobi da wasu asibitocinsu. Ba su bukatar firji, ba su ɓata aljihu da maiƙo, wannan shi ne abin da kake biya. Kala uku za ka fi gani. Masu laushi ƙanana su ne aka yi don horo. Biskit mai tauri ya fi dacewa da babban kare, domin kwikwiyo haƙoran nono 28 gare shi, sai wajen wata 4 yake fara famfara, cikakkun 42 su kammala kusan wata 6 zuwa 7. Na uku su ne abin gwaguya, irin busasshiyar fatar nan da ake naɗewa kamar ƙashi. Ba na horo ba ne ko kaɗan, guntunta kuma na iya maƙale masa a wuya ko hanji. Juya fakitin ka karanta. Abin da aka fara lissafawa shi ya fi yawa a ciki, to ya zama nama, ba garin alkama da sukari ba. Duba ko an rubuta daga wata nawa ake ba da shi, ka duba ranar lalacewa, domin kayan waje kan daɗe a kan kanta. Fakitin da babu sunan kamfani ko jerin abin da ke ciki, bar musu kayansu.

Mu a Jos muna da wata gata: karas da kokwamba ga su nan a kasuwar Farin Gada. Ba kowane kwikwiyo ke yi musu aiki ba, amma karas mai sanyi yana kwantar da ƙaiƙayin dasashi lokacin famfara, muddin kana tsaye a kansa. Dafaffen dankalin Hausa ma ba laifi.

Tsire da kilishi da dambun nama kuwa, duk da su ne a kusa, su ne ba a so. Ban da barkono da gishiri, akwai albasa da tafarnuwa, waɗanda ke lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Inabi da zabibi na iya kashe masa ƙoda. Cakulan guba ce gare shi, haka ma sinadarin xylitol da ake sa wa cingam da wasu kayan zaƙi. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa kamar tsinke. Ƙuli-ƙuli ya yi tauri da gishiri, gyaɗar da ta yi fumfuna kuma tana taɓa hanta. Madarar shanu ma zawo take sa da yawansu.

Duk wanda ka zaɓa, shigo da shi shi kaɗai, ka duba kashinsa kwana biyu kafin ka ƙara wani. Zawo da amai da ƙin cin abinci a kwikwiyon da bai gama rigakafi ba ba maganar tukuici ba ce, yana iya zama parvo, wata muguwar cutar hanjin karnuka, a nufi likita ranar. Mutanen Filato ba su da uzuri, a Vom cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take tun 1924.

Maƙwabcin nawa ya koma kaza a waje, ƙwayar buhu a gida. Da yake ba ya son yawun kare a hannunsa ga sallah na zuwa, sai ya samo tsohon cokali mai dogon hannu, da shi yake miƙawa. Yanzu ko ƙarar cokalin kwikwiyon ya ji, ya zauna.