Kiɗan piyano na Déodat de Séverac: faifan wa ya kamata ka saya?

Da an ce kiɗan piyano na Faransa, Debussy da Ravel ne ke zuwa bakin kowa. A zamaninsu kuwa akwai wanda ake ambata tare da su, Déodat de Séverac, wanda aka haifa a 1872 a wani ƙaramin gari kusa da Toulouse. Ya yi karatu a makarantar Schola Cantorum ta Paris a hannun Vincent d'Indy, amma zaman birnin bai karɓe shi ba. Ya tattara ya koma kudu, ya zauna a Céret, daf da iyakar Sifaniya, har ya rasu a can a 1921. Wanda ya bar Paris a wancan lokaci ya bar inda ake yin suna, shi ya sa aka manta da shi. Masu kiɗan da suka naɗi ayyukansa ba su da yawa, don haka zaɓin bai da wuya.

Ni dai nawa shi ne Aldo Ciccolini. Haifaffen Naples ne a 1925, ya zama ɗan ƙasar Faransa, ya rasu a 2015, kuma shi ne ya farfaɗo da kiɗan Erik Satie. Ya naɗi ayyukan Séverac ga kamfanin EMI, suka fito a faifan CD uku. Ka fara da Cerdaña, jerin waƙoƙi biyar da Séverac ya rubuta tsakanin 1908 da 1911 a kan wani kwari na tsaunukan Pyrénées. Ta huɗu tana nuna masu alfadarai sun tsaya a gaban gicciyen cocin Llívia, garin Sifaniya da ƙasar Faransa ta kewaye. Saurari yadda Ciccolini yake buga sautukan ƙasa da hannun hagu: yana barin kowanne ya gama amo kamar ƙararrawa kafin ya ɗora na gaba, ba ya gaggawa, kuma idan waƙar ta kumbura a tsakiya ba ya dukan piyanon. Da aka shiga ta biyar, komawar masu alfadaran gida, sai ya saki hannu, kana jin takun dabbobin a kan dutse. Haka ma a En Languedoc ta 1904, musamman waƙar maƙabarta a lokacin bazara, wadda wasu ke jan ta har ta yi nauyi. Naɗin tsoho ne, da ɗan bushewa a sautukan sama, amma kunne na sabawa kafin waƙar farko ta ƙare. Tun 2013 kayan EMI na irin wannan kiɗa suka koma hannun Warner, saboda haka idan ka ga tambarin Warner ko Erato a jiki, kada ka ɗauka jabu ne.

Jordi Masó, ɗan Kataloniya, ya yi nasa ga kamfanin Naxos a faifai uku da ake sayarwa ɗai-ɗai. Ya fi araha, sautin ya fi tsafta, kuma na farkon ya haɗa Cerdaña da En Languedoc, sai dai bugun nasa bai ratsa ni ba. Izumi Tateno na Japan yana da taushin hannu, amma samun faifansa aiki ne. Blanche Selva, wadda ta san Séverac ido da ido, naɗinta na masu son tarihi ne, ƙarar tsohon faifai ta yi masa yawa.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen saye. Faifan Ciccolini na ukun nan ba kullum ake samun sabo ba, galibi na hannu ne, kuma 'yan damfara sun gane haka. Wani mai sayarwa a intanet ya taɓa aiko mini da kwali mai kyau, ciki kuwa faifan da aka kwafa a kwamfuta ne, an liƙa masa takarda a sama, waƙa ta huɗu ta Cerdaña ta yanke a tsakiya, ba ɗan littafin bayani. Kuɗin aikowa daga Turai ya fi kuɗin faifan, kuma ba wanda ya mayar mini da ko kwabo. Kafin ka biya, ka sa a turo maka hoton bayan kowane faifai. Na asali launin azurfa ne zalla, da ƙananan lambobin masana'anta a zagayen ramin tsakiya. Na kwafi yakan ɗan yi kore ko shuɗi. Ka ƙirga faifan a hoton, domin akwai masu sayar da biyu a kwalin uku. Wanda ya ce maka ba shi da lokacin ɗaukar hoto, rabu da shi.

A YouTube ma akwai wata cutar. Ana ɗora kiɗan da kwamfuta ta buga a rubuta sunan Séverac, ba sunan makaɗi. Za ka gane shi da cewa duk sautukan ƙarfinsu ɗaya ne, ba numfashi tsakanin jimla da jimla. Wanda ya fara jin Séverac ta nan zai ce gara da aka manta da shi. Idan a Spotify ko makamancinsa za ka saurara, ka nemo da sunan makaɗin, ba na marubucin kaɗai ba.

Masu koyon piyano kuma kada su biya ko sisi don takardun kiɗan. Mutumin ya rasu fiye da shekara 100, ayyukansa na nan kyauta a IMSLP, shafin intanet na takardun kiɗa, kuma da yawan abin da ake tallatawa a matsayin sabon bugu daga can aka sauke aka buga. Ka fara da ƙaramar waƙar nan ta akwatin kiɗa da ke cikin En vacances, ita ce ta fi sauƙi a hannu. Baigneuses au soleil ta 1908 sai hannu ya nuna.