Gwajin ƙwaƙwalwa a wata cibiya a Kano: aikin ya yi, riƙon sirri ne babu

Sati uku kenan da na raka ƙanwata gwajin EEG, wanda ake manna wa mutum wayoyi a ka a ga yadda wutar ƙwaƙwalwarsa ke tafiya. Sau biyu tana yanke jiki ta faɗi a gida, 'yan uwa kowa da abin da yake cewa, wannan ya ce iska ce wancan ya ce sammu, har dai Umma ta gaji ta ce mu je asibiti, likita ya rubuto takarda. Ba zan kama sunan wajen ba, cibiya ce ta kuɗi a nan cikin gari, kuma kuɗin ba wasa ba dan sai da na taɓa adashina.

Gaskiya ta fannin aikin kansa ban da ƙorafi. Tun a waya suka ce ta tsefe kitso ta wanke kai kar ta sa mai ko ɗigo, kuma mace ce ta yi mata, wannan kaɗai ya sa hankalina ya kwanta dan sai an cire ɗankwali gaba ɗaya. Matar ta ɗauko tef irin na tela ta auna kan, tana ɗiga alama da fensir, sannan ta bi da wani mai mai yashi-yashi tana manna wayoyin ɗaya bayan ɗaya, sun kai ashirin. Yarinya duk ta tsure ta riƙo hannuna tana "Yaya ba zai ja ni ba?" matar ta yi dariya ta ce ƙanwata saki jikinki, saurare kawai na'urar take, ba ta sa wa mutum wuta. Daga nan buɗe ido, rufe ido, ja numfashi da ƙarfi na wajen minti uku, sai wata fitila mai walƙiya a fuska. Rabin awa da ɗan wani abu an gama. An ma ɗauke wuta ana tsaka da yi amma inbata ta riƙe, ko ƙiftawa kwamfutar ba ta yi ba.

To inda raina ya ɓaci. Kwamfutar tana kallon ƙofa ne, ina zaune kan kujera ba da niyya ba na karanta sunayen mutum biyar da aka yi wa kafin mu, har da shekarunsu da abin da likita ke zargi, ɗaya sunan ma kamar na san gidansu. Da muka fito kuma saurayin da ke zaune a kantar karɓar baƙi ya ɗaga murya a gaban mutane yana tambaya wai "ina masu gwajin farfaɗiya?" Haba dan Allah. Ba a ma tabbatar ba fa, likitan da kansa ya faɗa mana EEG shi kaɗai ba ya yanke hukunci, wani yana da ciwon gwajin ya fito lafiya lau, sai an haɗa da bayanin yadda mutum ke faɗuwa. Kuma kun san garin nan, yarinya ce da maganar aure a kanta, kalmar nan ta shiga kunnen gwaggon saurayi ɗaya shikenan an fasa, ba mai tsayawa jin cewa ciwo ne da ake shan magani a zauna lafiya.

Saurayin nan na kanta ya ce in ba shi lamba zai turo sakamako ta WhatsApp, na leƙa na ga wayarsa ce ta kansa, wadda yake hira da abokai. Na ce malam bayanan kan yarinyar nan wa ke ajiye su, har yaushe, wa da wa ke iya buɗewa? Wai "Hajiya ai suna kwamfuta." Takardar da muka sa wa hannu kuwa ta kuɗi ce kawai, babu layi ɗaya kan sirri. Alhali dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman, kana da haƙƙin tambaya me aka ajiye a kanka, kuma akwai hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, da ake kai ƙara.

Sai wata fosta a bango mai zanen kai ja da shuɗi da kore, wai taswirar ƙwaƙwalwa, kawo ɗanka ka san baiwarsa. Saurayin har da ƙara min gishiri wai tana iya nuna mai ƙarya. Wannan kam cin kuɗin iyaye ne, na'urar ba ta karanta tunani, amma matsalar ita ce mutane za su yarda tana yi, gobe sai ka ji wani ya jawo matarsa ko yaron shagonsa a ɗora masa waya a ka. A Indiya 'yan sanda sun yi ta amfani da irin wannan kan waɗanda ake tuhuma, sai a 2010 kotun ƙolinsu ta ce ba a yi wa kowa dole. Chile kuwa tun 2021 ta shigar da kare bayanan ƙwaƙwalwa cikin kundin tsarin mulkinta, a 2023 kotun ƙolin ƙasar ta umarci kamfanin Emotiv na Amurka ya goge bayanan wani tsohon sanata da ya sayi na'urarsu ta ɗaurawa a ka. Mu nan ko juya fuskar kwamfuta daga ƙofa ba a yi ba.

Na ƙi ba da lambar, na ce zan dawo da ƙafata. Bayan kwana biyu na je na karɓa a ambulan a rufe, na samu shugabar wajen na faɗa mata duk abin da na gani, ta saurare ni ba ta yi musu ba, ta ce za a gyara. In likita ya ce a sake gwajin can zan koma saboda matar nan mai haƙuri, amma kafin mu zauna sai na leƙa na ga ko an juya kwamfutar. Ku kuma tafi da tsohon ɗankwali, man nan sai da muka yi wanki uku kafin ya fita daga gashinta.