"Whether" ko "if": wanne ake haɗawa da "or"?

Ɗan uwa, ka tambayi wanne ya fi tsakanin "whether" da "if" in ana zaɓi tsakanin abu biyu. Riƙe "whether".

Hausarka ma ta raba gardamar. Faɗi jimlar a zuciyarka: in "ko" ya fito, "whether" ke nan, in "idan" ya fito, "if" ne. "Ban sani ba ko zai zo ko ba zai zo ba" shi ne "I don't know whether he will come or not."

Ni a hannun wani dattijon malamina na koya, Allah ya saka masa da alheri. Na taɓa aika masa 'yar takarda: "Tell me if you are coming on Monday or Tuesday." Nufina ya zaɓi rana. Shiru kake ji. Ashe Laraba zai zo, shi kuwa ya karanta da ma'anar "idan", sai ya ga babu abin da zai sanar da ni. Da ya iso ya zaro jan biro, ya soke "if", ya rubuta "whether" a samansa, ya ce, "Da haka ka rubuta, dole na amsa." Takardar tana nan cikin ƙamus ɗina har yau.

Kuma akwai wuraren da "whether" kaɗai ke shiga. Ana cewa "whether to go or stay" da "about whether", haka "whether or not" a jere. "If to go" da "if or not" kuskure ne tsagwaronsa.

Shi "if", to, ba laifi. A hira Turawa na sa shi a gurbin "whether" bayan kalmomi irin su "know" da "ask", ba mai tsayar da kai. 

Sai dai ka yi hattara da masu tallar darussa da ƙananan littattafai a intanet, masu alkawarin za ka iya Turanci cikin kwana 30. Na sayi ɗaya, na yi da-na-sani: a shafi guda ya ce kalmomin nan biyu duk ɗaya ne, misalansa ma cike da kurakurai. Kafin ka biya, ka sa mai sayarwa ya nuna maka shafin mahaɗai, wato kalmomin haɗa zance irin waɗannan. In ka ga "neither" tare da "or" maimakon "nor", mayar da kuɗinka aljihu.