Na je a cire min haƙori, na dawo da abina

Kwana uku turmin haƙorina na hagu ya hana ni barci. Kanumfari, ruwan gishiri mai ɗumi, babu wanda ban gwada ba. Ranar Talata na haƙura na nufi wani ƙaramin asibitin haƙori a wajen Zoo Road a Kano, da niyyar a fizge shi kowa ya huta.

Likitar ta sa aka ɗauki hoton haƙorin, ta nuna min baƙin kogon a kwamfuta. "Baba, ramin bai kai jijiya ba, ciko za mu yi. Da ya kai, sai an kwashe jijiyar, ko a cire." Ta yi min allurar kashe zafi a dasashi, leɓena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Ƙarar injin nan kuwa ta fi aikin ban tsoro, don ban ji komai ba sai ruwa da wata 'yar tiyo ke zuƙewa. Ta cike ramin da farin abu, ta haska masa shuɗiyar fitila ya daskare nan take.

Abin da ya ɓata min rai jira ne. An ce ƙarfe 9, ban shiga ba sai bayan azahar, kuma kuɗin hoto daban, ba a faɗa min tun farko ba.

Ta ga dattin goro, ta ce in dawo wankin haƙori, in kuma riƙa goga da man goge baki mai fuloraid safe da dare. Asuwakina dai ban ajiye ba.