Shika ko asibitin kuɗi: ina ya kamata a kai Hajiya?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce ta daɗe tana fama da hawan jini da ciwon suga, yanzu ƙafafunta sun fara kumbura, kuna cikin birnin Zariya wajen Kwarbai, kuma kan gida ya rabu: yayanki ya ce a tafi asibitin koyarwa na Shika, ƙannen Hajiya sun ce Shika wahala ce, a kai ta asibitin kuɗi kowa ya huta.

A ganina wannan kumburin na Shika ne. Bibiyar wata-wata kuwa ba dole sai can ba.

Kumburin ƙafa ga mai hawan jini da suga yana iya zama ƙoda ce ta fara gajiya, ko zuciya ce ta kasa tura jini yadda ya kamata. Yana iya zama ma maganin da take sha ne, domin amlodipine da ake yawan rubuta wa masu hawan jini yakan kumbura idon sawu. Da ido ba a rarrabe waɗannan. Sai an ɗebi jini an duba aikin ƙoda, an gwada fitsari an ga ko furotin na zuba, an auna bugun zuciya, an ɗauki hotonta. Abin nema shi ne wurin da za a yi duk waɗannan, a kuma samu wanda zai haɗa sakamakon ya karanta su tare.

A nan Shika ta yi wa asibitocin kuɗi fintinkau. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya tare a mazauninsa na Shika a 2005, yana da likitan ƙoda, da na zuciya, da na suga, da na ido, duk a harabar guda, kuma fayil ɗaya suke rubutu a ciki. In abin ya kai ga wankin ƙoda, Allah ya kiyaye, akwai sashensa. Wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: ƙaramin likitan da ya fara ganin Hajiya yana da na sama da shi. In an kwantar da ita za ki ga zagayen safe, babban likita a gaba, ƙanana da ɗalibai a baya, a tsaya a bakin gado, ƙaramin ya karanto abin da ya gano, babban ya yi masa tambayoyi, wani lokaci ya soke magani ya rubuta wani. Tsofaffinmu ba sa son taron nan, suna cewa an mai da su abin koyo. Kunyarsu abar girmamawa ce, kuma Hajiya na da haƙƙin ta ce a ja labule ko a rage mutane. Amma kuskuren da ido ɗaya ya tsallake, a wannan zagayen ake kama shi.

Ƙannen Hajiya ma ba ƙarya suka yi ba. Daga Kwarbai sai kun fito ta Ƙofar Doka, ku ratsa Tudun Wada, PZ, Kwangila, ku wuce Samaru kafin ku ga ƙofar asibiti, da tsohuwa mai nauyin ƙafa. Sammako dole ne. Akwai layin kati, layin biya, layin ɗiban jini, domin ba Zazzagawa kaɗai ke zuwa ba, har daga Funtuwa da Zamfara ana turo marasa lafiya. Ranar ganin ƙwararre tana iya yin nisa, kuma duk lokacin da likitoci masu neman ƙwarewa suka shiga yajin aiki na ƙasa, asibitocin koyarwa ne suka fi jin jiki. Ba kyauta ba ne kuma: gwaji da magani duk da kuɗi. Ku tafi ku biyu, ɗaya ya zauna da ita, ɗaya ya yi ta zirga-zirga da takardu.

Asibitin kuɗi kuwa lokaci yake sayar miki. Yana kusa, ana ganin likita ko da yamma ne, za a saurare ki a natse, kuma sau da yawa likita ɗaya za ta riƙa gani har ya san ta. Ga mai ciwon da ba a rabuwa da shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matsalar ita ce sunan ɗaya ne amma ba duka suka zama ɗaya ba. Akwai wanda ƙwararren likita ke riƙe da shi, akwai wanda in dare ya yi babu likita ko ɗaya a ciki. Da yawansu waje suke aika gwaji, in kuma suka ga ƙoda ce, Shikar dai za su tura ku bayan kun kashe kuɗi.

Na ga abin da ya sa nake tsoron gaggawa a irin wannan. An taɓa kai wani kawuna wani asibitin kuɗi da kumburin ƙafa da haki, kafin a gwada komai aka rataya masa ƙarin ruwa. Cikin dare numfashinsa ya ƙara sarƙewa, domin jikin da ruwa ya riga ya taru a cikinsa aka ƙara wa. Mu ma muna da hannu a irin haka, don in ba mu ga leda a rataye da allura ba sai mu ce ba a yi aiki ba. In kun zaɓi asibitin kuɗi, ki tambaya kai tsaye: wane likita ne zai gan ta, mene ne fanninsa, wa ke kwana, akwai iskar oksijin, kuma za a ba ku sakamakon gwaji a rubuce? Wanda ya ɓata rai da waɗannan tambayoyin, ku nemi wani.

Akwai hanya ta uku da gidanku bai ambata ba, alhali ita ce kusa da ku: Babban Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, na gwamnatin jiha. Ku fara can, a auna ta, a yi gwajin da ake iya yi, ku karɓi takardar turawa zuwa Shika. Takardar tana sauƙaƙa isa ga sashen da ya dace. Bayan ƙwararru sun gano tushen abin sun daidaita magani, awon wata-wata sai ya dawo kusa da gida, ko can Ƙofar Gayan ko wurin likitan kuɗin da kuka yarda da shi, Shika kuma sai ranar da suka rubuta. Ki sayi littafi ƙarami ki riƙa rubuta kwanan wata, awon jini, awon suga da sunan kowane magani. In awon jini na yawan kaiwa 140/90 ko sama, a nuna wa likita. Ki roƙi gwajin HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance cikin kusan wata uku, a kuma duba idonta sau ɗaya a shekara.

Ta fannin kuɗi, ki leƙa ofishin KADCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kaduna, ki tambayi yadda ake yi wa wanda ba ma'aikacin gwamnati ba rajista, da irin gwaji da maganin da tsarin ya ƙunsa.

Kafin ku je, kada ta daina maganinta da kanta, kuma a janye mata diclofenac da ibuprofen na kemis, suna cutar da ƙoda. A rage gishiri da dunƙulen miya. Ranar tafiya ku kwashi duk magungunanta a leda, har da na gargajiya. In kuwa ta kasa kwanciya saboda haki, ko fitsari ya ɗauke, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, babu jiran takarda ko wayewar gari, ku nufi sashen gaggawa nan take. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin ba da taimakon gaggawa ga wanda aka kawo a wannan hali.