Gilasan SERS masu rufin azurfa bayan wata uku a ɗakin gwaji

Wata uku ke nan muna aiki da wasu ƙananan gilasai masu rufin ƙwayoyin azurfa, da ake kira gilasan SERS, waɗanda ake ɗiga samfur a kansu kafin a haska shi da lesar na'urar Raman. Hasken da ke dawowa ɗauke da shaidar sinadari, wanda C. V. Raman ya gano a Indiya a 1928, yana da rauni ƙwarai. Shi ya sa na'urar hannu irin TruScan, wadda NAFDAC ke amfani da ita wajen tantance jabun magunguna, ta fi dacewa da sinadarin da ke da yawa a cikin ƙwayar magani. Ganin ɗan ɓurɓushi kuwa sai an haɗa da azurfa ko zinariya domin su ƙara wa hasken ƙarfi, dabarar da ake kira SERS, wadda ta samo asali daga wani gwaji a Jami'ar Southampton a 1974.

A wannan fannin gilasan sun cika alkawari. Na tsinka rinin rhodamine 6G har ruwan ya koma fari tas a ido, na ɗiga ɗigo ɗaya, na jira ya bushe, sai ga alamominsa sun fito sarai a wajajen 612 da 1362 da 1510 a ma'aunin Raman, alhali gilashin da ba shi da rufi bai nuna komai ba.

Abin da ban gamsu da shi ba shi ne iƙirarin da ke jikin kwalin, wai ana gane molekul guda ɗaya da su, wato ƙwayar sinadari mafi ƙanƙanta. Gaskiya ne an yi hakan a 1997, a aikin Shuming Nie da Steven Emory da kuma na Katrin Kneipp da abokan aikinta, amma ƙarfin hasken yana taruwa ne a ɗan tsukin da ke tsakanin ƙwayoyin azurfa biyu, kuma sai molekul ɗin ya faɗa daidai wurin. Da na matsar da lesa kaɗan a kan gilashi ɗaya, sai sakamakon ya sauya, wanda ke sa auna yawan sinadari ya yi wuya.

Azurfar kuma ba ta jure iska, domin gilashin da muka bari a buɗe ya dushe cikin 'yan kwanaki, ƙurar hunturu ma ta ƙara masa alamomin da ba na samfur ba. Mai son tabbatar da kasancewar sinadari zai amfana da su, muddin bai buɗe ledar ba sai lokacin aiki, ya kuma auna wurare da dama a kan kowane gilashi.